Bar Mini Ƙananan, Ki Riƙe Manyan

Ya sanyin idona, ya raɓar safiyata, ya inuwar da nake fakewa in rana ta take! Shugabar makaranta a wurin jama'a, shugabar zuciya a wurina!

Ina gaishe ki gaisuwar da ba ta neman amsa. Yau ko "ya kike?" ba zan ce ba, don na san tun kafin ki ajiye jaka a ofis ake jero miki tambayoyi. Wa zai riƙe ajin malamar da ta haihu? Rufin da ke yoyo za a fara gyarawa ko famfo? Yaron da ya fasa taga, kora ko jan kunne? Ki koma gida kuma, ƙanwarki Auta ta tare ki a bakin ƙofa: me za a dafa, wane likita za a kai Baba? Haba! Ko rijiya ce ake zura mata guga haka, ai ta ƙafe.

Kin tuna yammar da kika biyo ta shagona bayan an tashi daga makaranta? Na tsayar da keken ɗinki, na baza miki yadudduka a kan tebur, ina ta rawar kai: mai fure ko mai ratsi, dogon hannu ko gajere? Kika zuba musu ido. Can sai na ga hawaye ya ɗigo a kan yadin. Kika ce, "Tela, tun asuba nake zaɓe. Kaina ya ƙi. Don Allah ka zaɓa mini." Na ɗaga wani shuɗi daga cikinsu. Kika zauna a benci, kika sauke ajiyar zuciya kamar tsuntsuwar da ta ƙetare kogi ta samu reshe. Wayyo! Ran nan akwai wata tambaya a bakina, wadda na sha gwada faɗarta a gaban madubin shago. Na haɗiye ta, don wane mai imani ne zai ƙara wa mai nishi kaya?

Yanzu kuma Auta ta zo mini hankali a tashe, ta ce kina maganar ajiye aiki. Ya farin watana, ina roƙonki, kada ki yanke wannan da yamma, sa'ad da kanki ya yi nauyi kamar hadari. Ke da kika san sunan kowane yaro, har da wanda ke ɓuya a bayan ƙofa? Ke da fuskarki ke haske in ƙaramar yarinya ta karanta layi ba gargada? Aikin nan kina sonsa. Ƙananan abubuwa ne suka yi miki taron dangi, suna tsinke ki kamar kiyashi.

To, bar mini su! Na ɗinka miki rigunan fita aiki, duk yanka ɗaya, kowacce da mayafinta a rataye tare. Da safe ki miƙa hannu kawai, wadda ta zo ita ce. Auta ta yarda ta tsara girkin mako da kanta, ta ce in ma gishiri ya yi yawa kada a kawo ƙara. Baba kuwa ni zan riƙa kai shi asibiti. Mun riga mun saba, har ya ce wandon da na yi masa ya fi allurar likita amfani. In na zo fita da ke, ba zan ce "ina za mu?" ba. Zan ce "taso," in bai yi miki ba ki harare ni, ni kuwa hararar nan taki ta fi mini murmushin duniya.

Kin san abin da ya faranta mini rai? Jiya na ji labarin kin miƙa wa mataimakinki makullin ɗakin ajiya, kika ce alli da tsintsiya sun zama nasa. Kika dawo gida da sauran rana, kika yi barci har Auta ta leƙa ta ga ko kina numfashi! Da na ji, sai da na ɗinke aljihun wani bawan Allah don murna. Ashe bishiyata ruwa kawai take jira ta yi toho!

Ga tambayar da na haɗiye: za ki aure ni? Kada ki amsa yau. Ajiye ta har a yi hutu, har wata safiya da kika ƙoshi da barci, ba mai ƙwanƙwasa miki ƙofa. Ina son amsar ta fito daga zuciyar da ta huta, don kada ki ce "to" kawai saboda a ƙyale ki. In kin ce e, zan rufe shago in bi titi ina gaida har waɗanda ban sani ba. In kin ce tukuna, ina nan a kan kujerata, ina jira ba ƙorafi.

Ni kam nawa zaɓen ya ƙare tun ranar da na fara ganinki, kuma bai taɓa gajiyar da ni ba.

Naki har ƙarshen numfashi,
Telanki