Idon Rithy

Ƙanwata Chanthou,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya a Phnom Penh. Ki zauna kafin ki ci gaba da karatu.

Ɗanki Rithy yana asibitin garin Kratie. A wajen makokin maƙwabcinmu aka miƙa masa giyar shinkafa, kin kuwa san ba a mayar da kofin gidan mutuwa. Mutum biyu sun riga sun bi mamacin. Tun da hakimi ya hana dafa giya bara, ya sa aka farfasa tukwane, ba wanda ya daina sha. Ta jarka suke saye a ɓoye, wadda ake sirkawa da ruwan goge inji. Na faɗa musu haka za a yi, suka ce tsohon malamin makaranta ya fara ruɗewa.

A rumbun shinkafa na tarar da Rithy yana amai, wai hazo yake gani. Ya ɓuya ne don kada a kama shi.

Yayanki,
Kimsan

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban tambaye ka hakimi ba, ban tambaye ka tukwane ba. Yarona zai gani ko ba zai gani ba? Shafi guda ka cika da yadda ka fi kowa gaskiya. Uwar ɗakina a masaƙa ta ƙi sakina sai ƙarshen wata. Ni da za a bi tawa, a ƙone kowace kwalba a ƙasar nan.

Ka amsa abin da na tambaya kawai.

Chanthou

Ƙanwata,

Na gaishe ki, na kuma karɓi faɗan.

Asibitin ba su da maganin wannan guba. Likitar ta aike ni kanti in sayo giya mai kyau, mai hatimi, ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da awo, ta ce ita ce ke tare gubar kafin ta cinye ido. Ɗan sandan da aka girke a ƙofa ya ga kwalbar a hannuna, ya ce, "Kawu, a asibiti ma?" Na ce ya bi ni ciki ya kama likita. Bai bi ni ba.

Da labari ya bazu cewa ba a kama Rithy ba, wasu huɗu suka fito daga maɓoyarsu. Hakimi ya ce duk wanda ya kai kansa asibiti ba za a taɓa shi ba. Da baki ya faɗa, ya ƙi rubutawa. A shekaruna na koyi karɓar ko da wannan.

Game da ido, likita ta ce a jira.

Kimsan

Chanthou,

Gaisuwa. Da safen nan na kawo wa Rithy kunun shinkafa. Ya leƙa kwanon, ya ce, "Kawu, akwai tururuwa a ciki." Na sa tabarau na duba. Akwai ta.

Ki yi barci.

Yayanki,
Kimsan