Lamba Tara a Bangon Filin Ƙofa

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau aka saka ni a kwamitin da zai zaɓi gwanaye goma sha ɗaya na Zakarun Ƙofa, tun daga kafuwar ƙungiyar shekara arba'in da suka wuce. Za a rubuta sunayensu da fenti a bangon fili, ranar biki kuma a jera su a gaban jama'a. Mu huɗu ne: Malam Abdussalami tsohon kocinmu, Alhaji Badruddeen mai shagon taki wanda zai sayi fentin, Aminu ƙanin matarsa wanda ko tari ba ya yi sai Alhaji ya fara, sai ni.

To, Dikko ya shigo hannuna.

Litinin, 7 ga Oktoba

Matata Lubabatu ta ce tun jiya nake murmushi ni kaɗai, ko aljanu ne. Na ce mata ba aljanu ba ne, Dikko ne. Ta ce in ji tsoron Allah, abin da ya wuce shekara talatin. Ita da sauƙi, ba ita ake kira Kwando ba.

Wasan ƙarshe na cin kofi, a filin Kiru, mu da 'yan Tudun Wada. Ina gola, Dikko na lamba tara. Ɗan Fulani ne daga rugar bayan gari, ba ya sa takalmi, kuma in yana fili mutum uku ake ɗora masa, sai gabana ya zama wurin hutawa. Ranar muka cika mota muna jiransa har rana ta take, aka aika ruga, aka tarar sun tashi da shanunsu tun asuba. Ko sallama. Badruddeen ya sa rigar Dikko, 'yan Tudun Wada suka ga ba wanda za su tsare, suka taso mini gaba ɗaya. Biyar suka zura mini.

Daga filin nan sunana ya ɓace, aka koma kirana Kwando, wai kome aka zuba mini sai ya zurare. Sunan da mahaifina ya raɗa mini shi ne Mainasara, amma yau ko manoman Tiga da nake gyara wa injin ban-ruwa, Malam Kwando suke cewa, da ladabi ma, har da rusunawa. Jikata Hamdiyya ta taɓa tambayata ko da can saƙar kwando nake yi.

Shi ya gudu, ni na ɗauki sunan. Zan ga ta inda zai hau bangon nan.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Malam ya kafa doka. Da ƙwayar masara za a yi zaɓe, kowa ya jefa tasa a kwanon wanda yake so a ƙarƙashin faifai, yadda muke zaɓen kyaftin a da. Ba mai jefawa a gurbin da yake nema. Kuma daga gaba za a faro a gangaro gida, don Malam bai taɓa kiran 'yan wasa daga gola ba.

Lamba tara: Dikko da Badruddeen. Gola: ni da Shitu, wanda ya zo bayan zamanin Dikko.

Bayan sallar Juma'a Alhaji ya ja ni shagonsa, ya sa aka kawo lemo. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce ƙwayar Malam ta Dikko ce, ta Aminu tasa ce, saura tawa. In na ba shi tara, shi da Aminu su ba ni gola. Ya ce, "Ka ga shi ke nan, Kwando, sunanka na gaskiya ya hau bango." A cikin maganar ma sai da ya kira ni Kwando.

Na amince. In ga sunana a bango, in ga babu na Dikko. Me ya fi wannan?

Lahadi, 13 ga Oktoba

Badruddeen dai ko a mafarki bai kai ƙafar hagun Dikko ba. Wannan tsakanina da littafin nan ne.

Laraba, 16 ga Oktoba

An kira ni gyaran inji wajen Doguwa. Na ji an ce can Dikko ya zauna yanzu, yana noma yana kiwo. Gobe zan je. Ba na so ya ji a bakin wani, so nake in faɗa masa da kaina cewa ba ya ciki, in tsaya in kalli fuskarsa. Na shirya maganar tsaf, har na gwada ta a kan babur.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na je.

Na same shi yana yankan dawa. Ya rame, gemu ya yi fari, amma tafiyar nan tasa kamar ba ya taka ƙasa tana nan. Ya ɗago, ya sa hannu ya kare rana, sai ya yar da lauje.

"Mainasara!"

Na juya bayana in ga da wa yake. Wallahi sai da na juya.

Ya kai ni gida, aka shimfiɗa tabarma, aka dama fura da nono mai kauri. Ya kira 'ya'yansa, manya da gemunsu, ya ce ga Mainasaran da yake ba su labari, wanda ya kama fenariti biyu a Yako rana ɗaya. Suka durƙusa suna gaishe ni, ɗaya yana kallon hannuwana. Ni kaina na manta da wasan Yako. A Ƙofa ba mai tuna shi.

Ban bari fura ta rufe mini baki ba. Na tambaye shi me ya sa ya yi mana haka. Na zaci zai sunkuyar da kai, ko ya kawo dogon uzuri. Ko kusa. Ya ce ciwon huhu ne ya shiga garken maƙwabta, cikin dare biyu shanu suka fara faɗuwa.

"Baffa ya ce a tashi, sai na tashi. Da kai ne, za ka ce masa kana da ƙwallo?"

Bai ba ni haƙuri ba. Har na baro bai bayar ba, kuma na lura. Ya ce ya ji an ci mu, amma bai san nawa ba. Na ce biyar. Ya ce lallai 'yan bayanmu barci suka yi, don shi ya san wanda ke raga.

Bai san sunan ba. Duk duniya mutum ɗaya ne bai san ana ce mini Kwando ba, kuma shi ne ya jawo mini.

Maganar da na shirya ban faɗa ba. Ba don komai ba, rana ta yi kuma motar Tudun Wada ba ta jira.

Asabar, 19 ga Oktoba

Gobe zaɓe. Ba abin da ya canza. Fura ba ta goge biyar.

Lahadi, 20 ga Oktoba

An ɗaga faifai: biyu a kwanon Dikko, ɗaya a na Alhaji. Wai zaɓen sirri, mutum uku. Alhaji ya ƙura mini ido. Na ce kwanonin iri ɗaya ne, kuma hannu a ƙarƙashin faifai ba ya gani. Malam ya yi tari ya kau da kai.

Da aka gangaro gola, Shitu biyu, ni ɗaya. Ta Malam ce.

Na dawo gida ban ci tuwo ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban san da wa zan yi faɗa ba. Sau biyu ke nan mutumin nan yana raba ni da sunana, na biyun ma yana can yana yankan dawarsa bai sani ba. Lubabatu ta ajiye kwanon a gefena ta fita.

Laraba, 23 ga Oktoba

An gama fenti. Na bi ta bayan kasuwa don kada in gani. Malam ya ce wa zai kai wa Dikko saƙo. Na ce ina da sauran aiki a Doguwa. Ba ni da shi.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Jiya aka yi biki. Fili ya cika, har daga Kiru da Tiga an zo.

Al'adarmu ce lamba tara ya buɗe taro da fenariti ɗaya a kan gola. Shitu ya shiga raga da sabuwar safar hannu. Dikko ya cire takalminsa, ya ajiye ƙwallo, ya ɗaga kai, sai ya tsaya. Ba ya karanta boko, bango bai gaya masa komai ba.

"Wannan ban san shi ba," in ji shi. "Ina Mainasara?"

Yara suka fara tambayar juna wane ne Mainasara. Malam ya karɓi lasifika ya kira sunan, cikakke, sau biyu. Na fito da babbar riga, na naɗe ta a kafaɗa. Wani ya yi ihu "Kwando" daga baya, na ji wata tsohuwa ta ce masa ya rufe mata baki.

Hagu yake bugawa, kullum hagu. Na san haka tun muna samari, kuma ko a atisaye ban taɓa kama tasa ba.

Na kama.

Gwiwata ta kumbura, Lubabatu na gasa mini da ruwan zafi tana dariya. Sunana ba ya bango, kuma ban ce na yafe ba. Ƙwallon dai ta zo da sauƙi fiye da yadda na san ƙafarsa. Ko tsufa ne, ko da gangan ya yi, ban tambaye shi ba, ba kuma zan tambaya ba.

Dikko yana ɗakinmu na baƙi yana barcin rana. Na ce a yanka masa zakaran nan.