Ƙwanki Casa'in

Zuwa ga Gimbiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu da jaririn da ya ƙwace mini ke. Yaya gwiwar taki? Ki daina hawa matakalar gidansu don ki nuna musu da sauranki.

Gida lafiya. Ina ba shukokinki ruwa, na kuma gano inda ake ajiye gishiri bayan shekara ashirin da shida. Sai dai akwai maganar injin ƙyanƙyasarki, wanda kika bar mini da ƙwai casa'in da gargaɗi ɗari. Ki nemi wuri ki zauna.

Jiya da hantsi, kwanansu goma sha bakwai a ciki, na leƙa ɗakin baya na tarar lambobin zafi suna tsalle, daga talatin da bakwai zuwa talatin da ɗaya, sai gilashin ya ɗauke ɗif. Na karanta littafin injin kaf, har shafin da ake gode mana don mun saya. Iyakar hikimarsa, a tuntuɓi kamfani. Kamfani kuwa suka ce sabon allon sarrafa zafi zai iso nan da mako biyu. Ban san ko sun taɓa ganin ƙwai ba.

Na lulluɓe ƙwan da barguna, na jera kwalaben ruwan ɗumi a gefensu, na kwance allon da ke sarrafa zafin, na nufi shagon Mai Rediyo. Kin tuna shi, tsohon nan na bayan kantin magani, wanda muke cewa ya rufe. Bai rufe ba, mutane ne suka daina zuwa.

Ya shinshina allon, ya bi shi da yatsa, ya tsaya kan wani ɗan gwangwani da bai wuce maɓallin riga ba. Kafasita ake kiransa, shi ke daidaita wutar da ke shiga, ga kansa ya kumbura. Ya ce wannan ne mai laifin, kuma ba shi da irinsa, amma ko akwai tsohuwar rediyo a gida? Kin san akwai. Ta Baba, wadda ko ƙurarta ban yarda ki share ba.

Na dawo, na sake wa kwalabe ruwa, na daɗe tsaye gaban rediyon ina neman hujjar barinta. Ban samu ba. Na ɗauke ta na koma shagon.

Da tsohon ya ɗaga ƙarfen soda, wanda ake liƙa waya da shi, sai na ga bakin ƙarfen yana rawa a iska, ya kasa sauka inda ake so. Ya ajiye shi a hankali. Sai ya ce wai abin kunya ne mutum mai karatu irina ya tsufa bai iya sana'a ko ɗaya ba, don haka ni zan yi, shi zai koyar. Na yi kamar ban ga hannunsa ba. Shi ma ya yi kamar bai san na gani ba.

Na ciro kafasitan rediyon, na ƙone yatsa biyu, na cire kumburarren. Da zan dasa sabon, na juya shi yadda rubutun jikinsa zai fuskance ni daidai, kamar yadda ya dace da kowane rubutu. Tsohon ya kai mini duka a hannu, irin wanda rabona da shi tun ina firamare. Ashe akwai farin zane a gefe ɗaya, shi ake bi, in aka juya sai abin ya fashe. Ya ce, “Malam, wannan ba littafi ba ne, ba ruwansa da ko kana iya karanta shi.”

Injin ya tashi da la'asar, yana kan talatin da bakwai da rabi bai motsa ba. Amma ƙwan sun yi awa biyar a hannun barguna, kuma ban san abin da hakan ya yi musu ba. Ba zan ɓoye miki ba, a tsorace nake.

Ki gai da kowa.

Mijinki,
Sarkin Karatu

Gimbiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso. Na lura ba ki ce komai kan ƙwan ba, sai tambayar yatsuna, kuma wannan ya fi faɗa zafi. Sun warke.

Hamsin da takwas suka fito. Talatin da biyu ba su fito ba. Na ƙara musu kwana biyu duk da littafin ya ce kada a yi, sannan na binne su a bayan gida. Ki yafe mini su.

Na je na ɗauko Mai Rediyo ya ga aikinsa. Ya saka rigarsa ta fita unguwa. Ya zauna kan kujerarki ya fi awa yana kallonsu, yana gyara mini yadda nake zuba musu ruwa, alhali bai taɓa kiwon kaza ba. Da zai tafi ya tambaye ni, yana kallon wani wuri, ko injin yana yawan lalacewa. Na ce masa sosai, gara ya riƙa leƙowa duk Talata.

Na kuma yi masa alkawarin 'yan tsaki goma ba da izininki ba. In za ki yi faɗa, ki zo ki yi shi a gida.

Naki har kullum,
Sarkin Karatu