Saƙon da Mai Firji Ya Bar wa Dogo Kan Babur

Zuwa ga ƙanena abin alfaharina, Dogo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka, ya kuma sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan muna lafiya gwargwadon hali. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, yanzu tana iya zuwa bakin ƙofa ba sanda, barci ne dai har yau bai dawo mata sosai ba. Kawu ya koma shago bayan zazzaɓin da ya kwantar da shi. Yarana sun koma makaranta. Babbar tana daurewa, ƙaramar ce har yanzu in ta ji ƙarar babur a layi sai ta tashi ta leƙa taga, ta dawo ta zauna.

Dogo, ranar da ka kira ka yi mini ta'aziyyar maigidana, ka tambaye ni yadda abin ya faru, na ce maka wuta ce, daga nan bakina ya ƙi buɗuwa. Ka yi haƙuri da ni. Na san kai da Mai Firji ba zaman suruki da ƙanin mata kawai kuka yi ba, abokin tsokanarka ne, shi ya laƙaba maka Dogo tun kana ɗan guntunka, sunan kuma ya bi ka har ka cika shi. Ya kamata ka ji komai daga bakina. Ban da haka akwai saƙon da ya bar maka game da babur ɗin da ka saya, akwai kuma saƙon Mama, su biyun kuwa ba su jitu ba. Shi ya sa na zaɓi takarda, ita ba ta katse mutum, ba ta kuma jin muryarsa tana rawa.

Da safe ne abin ya faru. Mai sayar da kifin nan na bakin kasuwa ya kira shi hankali tashe, wai babban firjinsa ya tsaya, kaya za su lalace. Ka san halin surukinka, ba ya iya jin mutum cikin matsuwa ya zauna. Ko shayinsa bai ƙarasa ba ya ɗaure jakar kayan aiki a bayan babur. To, babur ɗin ya jima yana masa gardama wajen tashi. Ranar ya yi ta bugawa, ya yi ta bugawa, har gumi ya jiƙa masa riga, ina tsaye a ƙofar kicin ina masa dariya, ina cewa tsohon nan naka ya gaji da kai. Da ƙyar ya tashi. Sai a lokacin ya tuna tun jiya yake tafiya a kan rizab, wato ɗan man ajiya na ƙasan tanki, wanda ya rage ba zai kai shi ko'ina ba. Akwai galan ɗin fetur da yake ajiyewa a sito saboda janareta, ya shiga ya ɗauko. Ni da kunnena na ji shi yana cewa ba zai kashe ba, in ya kashe wa ya san lokacin da zai sake tashi. Ya buɗe murfin tanki inji na aiki, ko mazurari bai sa ba, ya fara zubawa.

Babur na girgiza, man ya kuskure bakin tanki ya gangaro ta gefe ya sauka kan inji. Daga baya bakaniken da ya duba gawar babur ɗin ya ce mana robar kan fulogi ta tsage, tana fitar da tartsatsi. Ni dai abin da na gani shi ne wani haske, sai wuta ta bi man ta hau har bakin galan ɗin da ke hannunsa. Ka san tsakar gidanmu, taku kaɗan ne tsakanin inda yake ajiye babur da kicin, tukunyar gas tana nan bakin ƙofa, ni kuma ina tsaye kusa da ita. Da ya yar da galan ɗin a nan, Allah kaɗai ya san wanda zai rubuto maka wannan takarda. Bai yar ba. Ya riƙe shi yana ci da wuta, ya ruga ta soro ya fita waje, sai da ya kai tsakiyar layi ya sake shi. Kafin nan man ya malale masa a hannu da ƙirji da cinya.

Na suri bokitin ruwa zan watsa wa babur ɗin, sai ga Tela maƙwabcinmu ya faɗo gidan yana ihu kada in zuba, wutar fetur ba ta jin ruwa, hawa kansa take yi ta bazu. Shi da masu shagon gefe suka kwashi yashin ginin da ke bakin layi suka yi ta zubawa har ta mutu. A waje kuwa matar Tela ce ta lulluɓe maigidana da bargo aka kashe ta jikinsa. Da na fito na same shi zaune a ƙasa, hankalinsa garau, abin da ya fara tambayata shi ne ko yara sun riga sun tafi makaranta. Na ce sun tafi. Ya ce alhamdulillahi, sannan ya ce a kira mai kifi a ba shi haƙuri, ya nemi wani.

A asibiti suka kwantar da shi a ɗakin masu ƙuna, suka kifa masa wani ƙarfe kamar keji don kada mayafi ya taɓa jikinsa. Kwanakin farko har muka saki jiki, domin yana magana, yana shan ruwa, yana tsokanar ma'aikatan jinya, wai shi da ya ƙare rayuwarsa yana sanyaya wa mutane kaya, ga shi an rasa mai sanyaya shi. Likita dai ya ja ni gefe ya ce kada in ruɗu da wannan, ƙunar ta yi faɗi, abin tsoron yana gaba. Na ji shi da kunne, zuciyata ba ta karɓa ba.

A cikin kwanakin nan ne hotonka ya iso wayata, kana zaune kan sabon babur kana washe baki, ka rubuta cewa wani abokin aikinka ya koya maka a fili cikin yini guda. Ba ka san halin da muke ciki ba, don Mama ta hana a tayar maka da hankali. Na so in ɓoye masa hoton, amma ya ga fuskata ya ce in nuna masa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce ka ga Dogo, ƙafafu har ƙasa, ko tsayawa zai yi ba ya bukatar birki. Ya yi dariya har ciwo ya katse shi. Can sai ya ce yini guda ba koyo ba ne, shi kuma ga hannuwansa a naɗe, ba zai iya nuna maka komai ba, don haka ni zai koya wa, in ya so ni in isar maka.

Wallahi Dogo, sa ni ya yi na tsaya a ƙarshen gadon na kama ƙarfen da hannu biyu kamar kan babur. Ni da ban taɓa hawa ba sai a baya, a karkace. Ya ce hannun hagu na kuloci ne, na dama shi ke da totur da birkin gaba, ƙafar hagu ta giya ce, ta dama ta birkin baya. Ya sa na yi ta matsewa ina saki. In na saki yatsun hagu da sauri sai ya ce to, kin kashe babur, ko kuma kin tashi sama da shi, sake. Ya ce kuloci ana sakinsa ne a hankali kamar ana sauke jariri mai barci. Ya ce kafin ka tayar ka tabbatar babur ba ya cikin giya. In za ka tsaya, ka fara sakin totur ya koma, sannan ka kama birkin gaba da na baya tare, a hankali, kada ka damƙe na gaba shi kaɗai, musamman a kwana ko a kan yashi ko in an yi ruwa, don nan take zai zubar da kai. Ya ce sabon hannu in ya firgita murɗa totur yake yi bai sani ba, saboda haka ka saba da ɗan jan maɓallin nan na kashe inji har babban yatsanka ya riƙa samunsa ba sai ka duba ba. Wani dattijo da ke gadon gefe ya ce a yi sauri a ba ni lasisi, duk ɗakin aka yi dariya. Ni ma na yi, hawaye na zuba a kan ƙarfen gadon.

Da ya zo kan maganar mai, wasa ya ƙare. Ya ce in gaya maka, komai saurin da kake yi, komai gardamar babur, ka kashe inji kafin ka buɗe tanki, ka sauka daga kai, in ya yi zafi ka ba shi lokaci ya huce. Gara ka tura shi da ƙafa har gidan mai ana maka dariya. Kada ka cika tanki har baki, in ya zube ka goge, ka jira ya bushe kafin ka tayar. Akwai ɗan famfon mai a ƙasan tanki, in ka ajiye babur ka rufe shi, in ka sha mai ka mayar da shi daga rizab, kada ka bar shi a can har ranar da zai mutu maka a tsakiyar titi. Ka riƙa shafa tiyon da ke kai mai kafireto, in ka ji danshi ko ka ga tsaga, ko ka ji warin fetur babur na tsaye, kada ka tayar, ka kai wa bakanike. Kada ka kwana da fetur a ɗaki, kada ka ajiye babur kusa da murhu ko inda ake shan taba. Sannan ya ce duk wannan ya san shi kamar sunansa, shi ya koya wa rabin matasan layinmu, bai taɓa karyawa ba sai rannan, rannan ɗin kuma ta isa. Ya ce in tabbatar ka ji wannan maganar ta ƙarshe fiye da sauran.

Bayan haka zazzaɓi ya shigo. Maganarsa ta ragu, daga baya ya daina gane masu zuwa, sai ni. Ranar da zai cika, da hantsi, ina shafa masa ruwa a leɓe, ya buɗe ido ya tambaye ni ko na gaya maka. Na ce zan gaya maka. Ya lumshe ido, bai sake magana ba. Allah ya jiƙansa, ya sa wahalar da ya sha ta zama kankarar zunubi.

Yanzu ga saƙon Mama. Ta ce in rubuta maka, in har ita ta haife ka, ka sayar da babur ɗin nan, ta rasa ɗa guda, wato marigayi, ta dalilin babur, ba za ta zauna jiran na biyu ba. Na isar, ban rage ko kalma ba. Kada ka ga laifinta, ita ta riƙe ni a asibiti, ta ga abin da na gani. Amma na zaunar da ita na gaya mata abin da marigayi ya ce da na yi masa irin wannan maganar. Ya ce kada mu tsorata ka, wurin aikinka da nisa, kai ma iyali gare ka, kuma babur ɗin nan shi ya ciyar da mu shekara da shekaru, ba shi da laifi, gaggawa ce ta ci shi. Mama ta ce ita ba ta san wannan ba, ta tashi ta shige ɗaki. Kwana da kwanaki ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba.

Jiya ina haɗa ɗan saƙon da direban da zai kawo maka wannan takarda zai tafi da shi, sai ga ta ta fito daga sito da hular kwanon maigidana. Wuta ba ta taɓa ta ba, don ranar bai kai ga sa ta ba, tana rataye a ƙusa. Mama ta zauna ta goge ta ciki da waje da gefen zanenta, ta ja igiyar ta ga ko da ƙarfi, ta sa ta cikin jakar da hannunta ta zuge. Ba ta dube ni ba. Abin da kawai ta ce shi ne, kan yaron nan ya fi na marigayi girma, in ta matse shi ya sayi wata, amma kada ya kuskura ya hau ba komai a kansa. To, ka ji inda muka tsaya. Ka kira ta, Dogo, kada ka yi mata gardama, ka bari ta yi faɗanta har ta gaji.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da kyau, ka ce na gode da addu'o'inta, ka kuma karanta mata wannan takarda don ta riƙa tuna maka. Mama tana sa muku albarka. Kawu da Gwaggo suna gaishe ku, haka Tela da matarsa, waɗanda ban san da bakin da zan gode musu ba. Yarana suna gaida kawunsu, ƙaramar ta ce in tambaye ka yaushe za ka zo. Allah ya tsare mana kai a fitarka da dawowarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka.