Dokin Ƙofar Baba

Asabar, 4 ga Mayu
Baba ya faɗi jiya a ƙofar banɗaki. Goshi ya kumbura, gwiwa ta ɗaye, ƙashi dai lafiya, alhamdu lillahi. Shekara goma sha tara ina aikin jinya a sashen ƙashi, na san yadda abin yake farawa: yau goshi, gobe ƙugu, daga nan sai gado. Yaya ya ce a kwaso shi kawai ya koma gidansa. Gidan Yaya kuwa hawa na uku ne, tsoho mai shekara saba'in da takwas in ya hau ai ya hau ke nan. Na ce a ba ni wata guda in gyara gidan nan, Baba ya ci gaba da zama a ɗakinsa. Yana zaune yana jin mu. Na ɗauka ya yarda.

Laraba, 8 ga Mayu
Na kai Baba wurin Yaya, magini ya zo. Na zaga da shi ina nunawa yana rubutawa. Dokin ƙofa guda uku, na ɗaki da na falo da na banɗaki, duk a fasa, ƙasa ta zama shimfiɗa ɗaya. Tsohon tayil a ɗaye, a sa wanda ba ya santsi. Ƙarfen dafawa a bango. Ƙofar banɗaki mai kuka kamar akuya, a sauya ta.
Ya ce, "Sista, shi mai gidan fa, ya ga tsarin?"
Na ce idonsa ya yi rauni, me zai gani? Ya ce to, ya mayar da biro bayan kunne.

Litinin, 13 ga Mayu
Ƙura ko'ina. Na jefar da dardumar falo, bakinta ya naɗe, tarko ce. Agogon bangon nan mai ƙas-ƙas ma na sauke, na sayo na zamani, shiru kamar babu.

Juma'a, 24 ga Mayu
An gama. Wallahi gidan ya yi kyau, har hoto na tura wa abokan aiki. Ɗaya ta ce ina ma duk tsofaffinmu suna da 'ya irina. Na ji daɗi, ba zan ɓoye wa littafina ba.

Lahadi, 26 ga Mayu
Mun dawo da shi. Ya tsaya a bakin falo yana lalube da ƙafa, kamar mai gwada zurfin ruwa. Ya ɗaga ƙafa zai tsallake dokin ƙofar da babu shi, ya yi taga-taga, Yaya ya tare shi.
"Ina muke?"
Na ce, "Gida mana, Baba."
Ya ce, "Gidan wa?"
Yaya ya yi dariya, ni ma na yi. Shi bai yi ba.

Talata, 28 ga Mayu
Bai bar kujera ba tun safe. Ko ruwa ya ƙi sha sosai. Na san dalili, ina ganin irin haka a wurin aiki: wanda ba ya son zuwa banɗaki shi ke gudun kofi.

Alhamis, 30 ga Mayu
Ban so rubuta wannan ba.
Na taso daga aiki da rana, na same shi tsaye a tsakiyar falo, hannuwa a miƙe, fuskarsa tana kallon taga. Banɗaki yana bayansa. Ban san tsawon lokacin da ya yi a haka ba, amma wandonsa ya riga ya jiƙe. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana zare allura ba tare da tabarau ba, telan da ko zare ɗaya ba ya bari a jikin riga. Na kama hannunsa, ya fizge.
"Juya bayanki."
Na juya. Na yi kukana ina kallon sabon bango.
Da ya kimtsa ya kira ni. Ashe idon ba rauni ya yi ba, ya tafi, kusan shekara biyu ke nan. Haske da duhu kawai yake bambancewa. Ya ɓoye mana don kada a ɗauke shi daga gidan. Da ƙafa da kunne yake gani. Daga gado taku huɗu dokin ƙofa. Bakin darduma ya kai shi har kujera. Agogo yana hagu in za shi banɗaki, dama in ya dawo. Ƙofa ta yi kuka, ya san ya iso.
"Kin share mini hanya tas, Sista. Har kin share hanyar."

Asabar, 1 ga Yuni
Yaya ya ji labari, ya ce an gwada nawa bai yi ba, ranar Asabar mai zuwa zai zo da mota. Ban iya musu ba. Da wane bakin?
Na ce wa Baba ai dokin ƙofar ne ya kayar da shi, dole na cire. Sai ya ce:
"Shekara arba'in ina tsallake shi, bai taɓa kama ni ba. Kujerar roba ce aka matsar."
Bai ce wa ya matsar ba. Ba sai ya faɗa ba. Ranar Alhamis ɗin kafin ya faɗi ni ce na zo na yi shara, na ga kujerar a karkace a lungu, na ja ta kusa da banɗaki don ya riƙa hutawa. Har na yaba wa kaina.
Wata guda ya riƙe wannan a cikinsa.

Litinin, 3 ga Yuni
Na ɗaure idona da ɗankwali na gwada zuwa banɗaki daga ɗakinsa. Na ƙare a cikin kicin, na buge ƙauri.

Laraba, 5 ga Yuni
Na kira magini. Bai ce ai na faɗa miki ba, Allah ya saka masa. Wannan karon Baba ne ya yi bayani, ni na riƙe abin awo. Siririn katako a kowace ƙofa, kaurinsa bai kai ɗan yatsa ba, an goge gefensa, ƙafa ta ji shi amma kada ya kama ta. Doguwar roba mai kaushi an manne ta inda bakin darduma yake. Agogon na tono shi daga kwali, ya koma kan ƙusarsa. Magini ya ce ƙofa kam ba ya iya sa ta kuka, sai ya rataya mata ƙaramar ƙararrawa. Baba ya ce, "Yanzu na zama shago ke nan." Karon farko da ya yi dariya. Ƙarfen dafawar ma ya ce a bar shi, ba laifi. Ba laifi! Shi ke nan yabon da na samu.
Da za a tashi ya tsaya a hanyar kicin yana shafa ƙasa da tafin ƙafa.
"A nan akwai tayil mai tsaga."
Na tuna shi. Inna, mahaifiyarmu, ce ta saki dutsen guga a wurin, ina 'yar makaranta, ta ce kada a faɗa wa Baba. Ashe ya sani. Tun rasuwarta kullum da safe sai ya taka wurin.
"Nan muke gaisawa," in ji shi.
Magini ya dube ni. Ɓaraguzan an kwashe su tun makon farko, ni na matsa a yi sauri.

Asabar, 8 ga Yuni
Yaya ya zo da mota, ya sha shayi, ya koma shi kaɗai. A gabansa Baba ya tashi, ya bi robar, ya taka katako, ƙararrawa ta yi ƙara. Na zauna a kan hannuwana don kada in miƙa su.
A hanyar kicin har yanzu yana ɗan tsayawa, ƙafarsa ta nema, sannan ya wuce. Ba ni da abin da zan sa a wurin.
Kujerar roba tana lungu a karkace. Na zo wucewa da tsintsiya, na tambaye shi ko a nan take zama. Ya ce e. Na share gefenta.