Ɗan Dutsen Niƙan Inna

Tsibirin Jeju, Koriya ta Kudu,
21 ga Satumba, 1982.

Zuwa ga yayana Hamma Daudu, a Zakka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da dukan mutanen gida. Yaya damina, yaya dabbobi, yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinta, ya sa tana gidan rahama. Takardar da ka sa Malam Yusha'u ya rubuto mini ta yi wata cur a hanya, wato ranar da nake karanta cewa Inna ta cika, ku kuna shirin sadakar arba'in. Na kuma ji cewa matarka Mero ta sauka lafiya, an sami ɗiya mace, ka mayar da sunan Inna, ana ce mata Uwani. Ka kyauta, Allah ya raya ta ya sa ta gaji mai sunan. Ni ma lafiyata lau, in dai ta jiki ake tambaya.

Hamma, ban san zaman makoki magani ba ne sai da na rasa shi. Ku kun shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, mutanen Darini da Batsari da na rugage sun yi ta zuwa, kowa ya ce muku sai haƙuri har kunnuwanku suka gaji. Ni kuwa a makarantar kiwon nan da gwamnati ta turo ni, abokan karatu suka ba ni hannu ɗaya bayan ɗaya, shugaban makaranta ya sunkuyar da kai ya ce ya yi baƙin ciki, shi ke nan aka koma aji. Mutanen kirki ne, ba na ganin laifinsu. Amma da na koma ɗaki sai na bar ƙofa a buɗe, na zauna a ƙasa ina jiran sallama kamar wani zai shigo. Kewa tana damuna ƙwarai, ban kuwa ga amfanin ɓoye maka ba.

Yanzu kwana huɗu ke nan da aka kwaso mu daga makaranta zuwa wannan tsibiri, don mu ga yadda suke kiwon shanu da dawaki. A jirgin ruwa muka zo, dare guda muna bisa teku. Na tuna da kai, mutumin da in gulbi ya kawo iya gwiwa sai ya ce a kwana a wannan gefen. Da kai aka ɗauko, da tun a bakin gaɓa ka ce ka yafe ilimin. Tsibirin kansa wai wani babban dutse ne ya haife shi, wanda a zamanin da ya riƙa aman wuta. Yana nan tsaye a tsakiya, ya yi barci tuntuni, kansa kullum cikin gajimare. Duwatsun da ya amayar baƙaƙe ne wuluk, ramuka-ramuka kamar tandar waina, kuma da su ake kome: ginin ɗaki, shingen gona, iyakar hanya. Dawakinsu gajeru ne, kaɗan suka fi jakin abokinmu Barau, amma akwai ƙarfin hali. Nan ma kaka ce ke shigowa. Zafi ya karye, lemo yana bisa icce bai gama nuna ba, wata ciyawa mai kama da gamba ta fid da farin kai ta rufe tuddai. Iska kuwa ba ta hutawa, hulata sau biyu ina bin ta a guje.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekaranjiya aka kai mu gindin wani tudu, abokan tafiya suka ce za su hau su hango teku. Azahar ta yi, sai na ce su je, na ɗauki 'yar butata na shiga gefen gonaki ina neman wuri mai tsarki, don ƙasar nan alade ya yi yawa, ba ko'ina mutum ke kafa goshi ba. Can tsakiyar wata gona na hango wani ɗan fili an kewaye shi da duwatsu, kusurwa huɗu, katangar iya ƙugu. Ka san yadda muke jera duwatsu a bakin hanya ko a gona mu ce nan ne masallaci. Na san sarai babu Musulmi a wurin, amma ido ya riga ya saba, zuciyata ta ce ga wurin da dabba ba ta shiga, ga kuma kariya daga iska. Na tsallaka. Ciyawa ta kai mini cinya, a tsakiya akwai wani tsibin ƙasa mai kai kamar suri, ban ko kula shi ba. Na tattake kusurwa guda, na shimfiɗa ɗan ƙyallena, na fuskanci yamma, don a nan alƙibla yamma take, Makka da Zakka duk gefe ɗaya.

Da na sallame sai na ga mutum tsaye a bayan katangar. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, fuska duk tamoji, kwando a baya, lauje a hannu. Ban san tun yaushe take nan ba, ta dai jira har na gama. Sai ta ajiye laujen ta rusuna mini, ta ƙara rusunawa, tana magana hawaye na zuba. Na rasa abin yi, ni ma na yi ta rusunawa. A haka tafintanmu, wani saurayi Mista Yang, ya zo nemana ya same mu. Ya dubi inda nake tsaye, ya dube ni, sannan ya gaya mini a hankali cewa cikin kabari nake. Tsibin ƙasar nan da na ɗauka suri ne, mijin tsohuwar ne kwance a ƙarƙashinsa. Su a cikin gona suke binne nasu, su tara ƙasa a dunƙule, su kewaye da duwatsu don kada shanu da dawaki su tattake. Ka ji malamin dabbobinku mai takardar shaida, wanda aka ɗauko tun daga Safana, ya kasa bambance kabari da wurin salla. Kada ka gaya wa Barau, in ya ji ba ni da sauran sakat a kasuwar Batsari. Sallar dai na sake ta daga baya, Allah ya yafe mini.

Mista Yang ya yi mini bayani cewa in wannan wata ya kama, wanda mu muke kira Zulhajji su kuma suke lissafa shi na takwas, kowane gida a tsibirin sai sun fito sun yanke ciyawar kabarin iyayensu. Aikin maza ne, ɗa ko yana wace ƙasa ana sa ran ya zo. Sai a lokacin na lura, ko'ina a gindin tudun ga mutane gungu-gungu da lauje. Ita tsohuwar ɗanta ɗaya ne, ya tafi Japan neman aiki tun da daɗewa, tun yana aiko takarda har ya daina. Shi ya sa take zuwa ita kaɗai. Da ta hango baƙon mutum yana kai goshi ƙasa kusa da mijinta, sai ta zaci ɗan ne ya aiko abokin aikinsa a madadinsa.

Wannan ya tsaya mini a rai. Na roƙi tafinta ya gaya mata gaskiya, cewa ni matafiyi ne, Ubangijina nake bauta wa, kuskure ya shigo da ni, ban taɓa ganin ɗanta ba. Ya yi ta inda-inda, na matsa. Da ya faɗa mata sai ta share fuska da bayan hannu, can ta yi 'yar dariya. Ta ce ko kuskure ne ta gode, don an daɗe rabon da namiji ya tsallako katangar nan. Sai na miƙa hannu ta ba ni laujen. Ka san yankan ciyawa ba baƙona ba ne. Ina yanka tana kwashewa tana zubarwa a waje, ba mai jin harshen wani, har wurin ya fito fes, kabarin ya bayyana sosai. Ta fito da giyarsu ta miƙo, na ce a'a, ta fito da dafaffen dankali, shi na karɓa. Tun zuwana ƙasar nan ban ci abin da ya zauna mini kamarsa ba.

Muna cin dankalin ne ta sa aka tambaye ni ko iyayena suna da rai. Na ce mahaifina ya daɗe da rasuwa, mahaifiyata kuwa bana ta rasu, ina nan. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta yi tambaya guda: "To wa zai nuna maka inda take?" Hamma, da wannan tambayar mota ta dawo da ni masauki.

Ka tuna lokacin Baba. Ina makaranta a Katsina ya rasu, ban dawo ba sai da rani. Ka kai ni maƙabarta, muka yi ta kewaya. Damina ta baje ƙasar, shanun da ke ratsowa daga burtali sun janye ƙayar da aka ɗora. Daga ƙarshe ka tsaya kusa da aduwar nan, ka shata fili da hannu ka ce tsakanin nan da nan ne. A nan muka yi masa addu'a. Na san ba laifinka ba ne, kuma addu'a ba ta ɓata hanya. Amma har yau in na rufe ido ina son ganin inda Baba yake, fili nake gani.

Ni ba zan dawo ba sai watan Afrilu, in Allah ya kai mu. Kafin nan ruwan ƙarshen damina ya sauka a kan Inna, an kawar da amfani, an saki shanu. Don haka ina roƙonka abu guda, kuma na san halinka a kan abin da ka ga ya yi kama da bidi'a. Ba gini nake so ba, ba rubutu ba, ba irin katangar mutanen nan ba, su da nasu mu da namu. Ɗan dutsen niƙanta nake so, ƙaramin da take riƙewa, wanda hannunta ya cinye wa gefe ɗaya. Tunda injin niƙa ya zo gari ba mai taɓa shi, yana nan jingine a gindin rumbunta. Ka ɗauka da kanka ka kafa shi wajen kanta, ka danna shi sosai yadda kofato ba zai ture ba, ka ƙara ƙaya. Ko cikin duwatsu dubu na gan shi zan gane. In zuciyarka ba ta kwanta ba ka je wurin Liman Jafaru ka tambaya, ni dai abin da na ji daga malamai shi ne dutse ɗaya don shaida ba laifi ba ne. In ya ce a'a na haƙura, amma ka rubuto ka gaya mini. Abin da kawai nake roƙo, kada ka ce sai bayan Salla, sai an gama girbi, don da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma yanzu ne kabarin yake a fili. Ban ga fuskarta ba, ban ɗauki makararta ba, ban zuba mata ƙasa ba. Ba na so in sha wannan doguwar tafiya in zo ka sake shata mini fili da hannu.

Babbar Salla saura mako guda. Zan yi ta a ɗakina, in Allah ya yarda, ba rago ba Idi. In kun yanka ku tuna da ni a addu'a. Ka gai da Mero da jinjira, ka ce mata ina yi mata barka da arziki. Ka gai da Kawu Hamidu, da Lami da yaranta a Darini, da Barau, da Malam Yusha'u wanda zai karanta maka wannan, ina roƙonsa ya karanta duka kada ya tsallake kome. In ka duba farkon jerin gaisuwar nan za ka ga inda na soke wata kalma. Kullum da Inna nake fara gaisuwa, yau ma hannu ya riga ni. Tata gaisuwar ka riƙe mini, ka tafi da ita ranar da za ka kai dutsen.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙaninka mai kewar gida,
Salmanu.