Inna, Sun Ba Ni Hotunan da Aka Yanke

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda kika koya mini, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike, amma tun makon jiya na kasa zama wuri ɗaya. Na ƙona shinkafa. Na hau keke mai ƙafa uku zuwa unguwar Mile One, na wuce inda zan sauka, sai da mai keken ya juyo ya tambaye ni ko lafiya.

Kin tuna shirin nan da muka yi lokacin da na fara karanta labaran mata a gidan talabijin? Wanda muka riƙa bin matanmu na kudu da kyamara, ana ɗaukar rayuwarsu yadda take: mai sayar da albasa a Kasuwar Relief ta Anacha, matar wani mahauci a nan Fatakwal, sai ke da tandarki ta waina a unguwar Coal Camp. Ni na kawo sunanki. Ba ki so ba, kika ce mutum yana neman abincinsa me za a kalla. Sai da maƙwabciyarki Iya Talatu ta sa baki kika yarda.

Har yau ina ganin wurin. Hayaƙi, ƙanshin man gyaɗa, 'yan dako sun jeru a benci kowa da kwanonsa, ke kuma kina zuba ƙullu ba kya ko ɗaga kai.

Daraktanmu Sabo a Anacha aka haife shi, a can ya tashi. Bahaushe ne, amma bai san kunyar ɗan fari ba. Da ya lura ba kya kiran sunana, sai dai ki ce "waccan" ko "mai aikin talabijin", sai ya ɗauka faɗa muke yi, har da murnarsa wai shiri ya samu gishiri. Kullum maganarsa ke nan: "Mama, abeg, ki ce Binta mana, na your pikin, ai 'yarki ce!" Ke kuma amsarki ɗaya ce: "Waina za ta ƙone."

Ranar da na kawo miki atamfar salla a gaban kyamara, kika karɓa ba ki dube ni ba, kika miƙa wa Iya Talatu ta ajiye. Haka aka nuna shi, aka kuma sa masa kiɗa mai ban tausayi.

Sai saƙonni suka fara zuwa, kuma ni ce mai karanta su a filin labaran mata. Tsofaffi sun gane, suna sa miki albarka. Amma 'yan matan da suka tashi a nan ba su raga miki ba. Wata ta ce ba ta taɓa ganin uwa mai taurin zuciya irinki ba. Na yi bayani har bakina ya gaji, amma hoto ya fi bakina ƙarfi. Ke ko kallon shirin ba ki yi ba, kika ce talabijin na sa miki ciwon kai.

To, Inna, yanzu za su sake nuna shirin. Sabuwar shugabar sashenmu ta ba ni duk abin da aka yanke aka ajiye, ta ce in zaɓi abin da za a ƙara. Da saurina na karɓa, na ce ga damar da zan wanke ki.

Na zauna na kalla. Kusan duk wurin da aka yanke, dalili ɗaya ne: ba kya kallon kyamara. Ana jin muryar Sabo yana ta faman "Mama, look here," idonki kuma yana can gefe, inda nake tsayawa ina gyara takarduna. In na matsa, idonki ya bi ni. In na juyo, ki yi maza ki koma kan tanda. Ni da nake wurin ban taɓa sani ba.

Akwai wani wuri da wani ɗan okada ya taho a guje kan babur ta bayana. Kika saki cokali, kika miƙe tsaye, ƙullu ya zube miki a zane. Bakinki ya buɗe, Inna. Na maimaita wurin ban san adadi ba. Leɓɓanki sun haɗu za ki kira ni, sai ɗan okadan ya kauce, kika haɗiye, kika zauna kina yi wa wuta faɗa.

Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Na yi farin ciki, na kuma ji haushinki, duk a lokaci guda.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, in na ba su wannan, duk mai zaginki zai yi shiru. Amma abin da kika rufe tsawon rayuwarki ne zan buɗe wa duniya, kina kwance ba ki da bakin hanawa. Na ɗauki waya zan kira shugabar, na ajiye. Na sake ɗauka, na sake ajiyewa.

Ɗazu dai na kira ta. Na ce a nuna shi yadda yake, kada a ƙara komai. Za su sake cewa ba ki so na, ni kuma zan zauna a gaban kyamara in karanta da bakina. Ban sani ba ko zan iya, amma ba zan ba su idonki ba.

Allah ya jiƙanki, Inna. Ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya saka miki da Aljanna Firdausi. In ya ƙaddara mun haɗu a can, don Allah ki ƙarasa kiran nan da kika fara.

Wassalam.
'Yarki Binta,
daga Fatakwal.